BAƘO A ABUJA: INA ZAI CI, INA ZAI YI HIRA IN DARE YA YI?

Da wuya mako ya wuce ba a sami wani daga cikin 'yan Arewa mazauna Kudu ya kama hanyar Abuja ba. Wani daga Agege ko Idi-Araba zai je neman biza a ofishin jakadanci, wani daga Sabon Badun ko Shagamu zai bi sawun takardun ɗansa a ma'aikata, wani kuwa daga Anacha ko Fatakwal gida ya nufa, dare ne ya riske shi a hanya. Galibinsu sukan shirya wa aikin da ya kai su da rana, su manta da abin da za su ci da inda za su zauna bayan magariba. Alhali kuwa da dare ne guzurin baƙo ya fi zurarewa a wannan birni, kuma da dare ne ya fi shiga hatsari.

Dalilin haka yana cikin yadda aka kafa garin. Ikko da Badun da Anacha kasuwa ce ta raine su, mutane suka taru, unguwanni suka tsiro. Abuja kuwa a takarda aka fara zana ta. Ran 3 ga Fabrairu 1976 ne Janar Murtala Muhammed ya sanar da cewa za a gina sabon babban birni a tsakiyar ƙasa, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Aka ɗauki sunan tsohuwar Abuja aka ba sabon birnin, ita kuma ta koma Suleja. Gwamnatin Tarayya ba ta tare ba sai ran 12 ga Disamba 1991, zamanin Janar Ibrahim Babangida.

Masu zanen sun ware wurin ma'aikatu, da wurin gidajen manya, da wurin lambuna, amma ba su ware zango ba. A Kudu, baƙo in ya sauka ya san zai tambayi Sabo, ya gai da Sarkin Hausawa, a haɗa shi da mai masauki, ya ci tuwo a ƙofar gida. A tsakiyar Abuja babu wannan. Da zarar an tashi daga aiki, sai ka ga motoci sun yi jerin gwano zuwa Nyanya da Mararaba da Kubwa da Lugbe da Suleja, inda kuɗin haya ke da dama-dama. Watau dai dare biyu ne a Abuja: akwai na masu hali a cikin gari, akwai kuma na sauran jama'a a gefe. Ya kamata baƙo ya san wanda aljihunsa zai ɗauka tun kafin ya fita.

DAREN MANYA

Cibiyar daren masu hali ita ce Maitama da Wuse 2. A Maitama ne otal ɗin Transcorp Hilton yake, wanda aka buɗe a 1987 da sunan Nicon Noga Hilton, mai ɗakuna sama da 600. Nan 'yan siyasa da 'yan kwangila suke haɗuwa, har akan ce maganar da ba ta ƙulle a ofis ba, a zauren otal take ƙullewa. Akwai kuma tsohon Sheraton, wanda yanzu ake kira Abuja Continental, a kan titin Ladi Kwali, shahararriyar maginiyar tukwanen nan da hotonta ke jikin takardar Naira 20.

A Wuse 2, tituna biyu ne suka fi cika da dare, watau Aminu Kano da Adetokunbo Ademola. Gidajen abinci ne jere, na 'yan Labanan da na 'yan Sin da na Indiyawa da na gida, ga gidajen rawa waɗanda ba sa cika sai tsakar dare ta wuce. Ba a hana kowa shiga ya kashe ƙwarƙwatar ido ba, amma fa wanda zai zauna ya ci, sai ya nemi takardar farashi ya duba tukuna. A irin waɗannan wurare akan ɗora harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda ya fara aiki a 2020, sa'an nan wasu su ƙara da ladan hidima. Mutum sai ya ga abin da aka rubuta daban, abin da aka ce ya biya daban. Tambaya kafin ci ba abin kunya ba ne. Kunya ita ce a riƙe wa dattijo waya saboda kuɗin farantin shinkafa.

Wani abin da ya kamata a sani shi ne, Birnin Tarayya ba ya cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'a tun daga Zamfara a 1999. Babu Hisba, kuma ana sayar da giya a fili. Yawancin wuraren da ake kira gadin, watau lambunan da aka jera kujeru a ƙarƙashin itatuwa, ana gasa kifi da kaza, kuma ana shan barasa a teburi na kusa. Wanda ba ya son zama a irin wannan wuri yana iya sa a ƙunshe masa ya tafi da shi masauki. Haka nan in an ce akwai naman daji ko farfesu, babu laifi a tambayi irin naman da kuma wanda ya yanka.

INDA TALAKA KE CI

To, ina mai ƙaramin ƙarfi zai nufa? Da rana abin ba wuya. A bayan ma'aikatu da bakin kasuwannin Wuse da Garki da Utako akwai mata masu tuwo da shinkafa da sakwara da amala, kowace ƙabila da tukunyarta. Sai dai da yamma ake rufe manyan kasuwannin nan, ba kamar Mile 12 ba inda ake kwana ana sauke kaya. Masu talla a bakin titi kuwa kullum a ɗarare suke, don ma'aikatan hukumar tsabtace birni ta AEPB sukan kwashe kayan wanda suka kama. Saboda haka wurin da aka ci jiya, mai yiwuwa yau a tarar babu kowa.

Bayan isha, tashoshin mota su ne mafakar baƙo. A Jabi da Utako da Zuba da Nyanya ba a rasa mai shayi da ƙwai da burodi, da mai ƙosai, da mai masa da miyar taushe, da mai balangu. Nan ne kuma zai ji Hausa kamar yana gida, ya sami wanda zai nuna masa masauki mai sauƙi. Haka abin yake a Wuse Zone 4, matattarar 'yan canji, inda 'yan Arewa suka yi yawa, masu abinci kuma suka bi su.

Mai son tsaraba sai ya tambayi Area 1 a Garki. Rumfunan kilishi ne a jere, akan yanko wa mai saye ya ɗanɗana kafin a yi ciniki, kuma akan naɗe shi yadda zai kai Ikko bai lalace ba. Ana tayawa, don farashin farko na baƙo ne. Tsire kuwa ko'ina akwai shi, tun da yake yawancin mahautan birnin 'yan Arewa ne, kuma dabbobi daga karar Dei-Dei da mayankar Karu suke fitowa.

Ga mai son kifi, sunan da zai fi ji shi ne kasuwar Mami ta barikin Mogadishu, wanda da ake kira barikin Abacha, a kan hanyar Keffi. Mata ne suke gasa manyan kifaye a kan garwashi, mutum ya zaɓi nasa, a yi ciniki, a kawo masa da yaji da soyayyen dankali. Sunan Mami ya samo asali ne daga Mammy Ochefu, matar wani soja, wadda ta fara sayar da kunu a barikin Inugu a 1959, har aka riƙa kiran kasuwar kowane bariki da sunanta. A wannan kasuwa ta Mogadishu ne bam ya tashi a daren 31 ga Disamba 2010, don haka in soja ya ce a tsaya a bincika, sai a tsaya ba gardama.

WURIN KAI IYALI

Wanda ya zo da mai ɗaki da yara, yamma ta fi masa dare. Lambun Millennium da ke Maitama shi ne mafi girma a cikin gari. Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ce ta buɗe shi ran 4 ga Disamba 2003, lokacin taron ƙasashen Kwamanwel. Akan je da tabarma da abinci daga gida, yara su yi ta guje-guje a kan ciyawa. A tafkin Jabi akwai hawan kwale-kwale da doki, ga kuma babban kantin da aka buɗe a bakin ruwan a 2015. A Asokoro, gindin dutsen Aso, akwai gidan namun daji da filin wasan yara. Daura da babban filin wasa na Moshood Abiola, wanda aka gina don wasannin Afirka na 2003, akwai Magicland mai lilo da jirgin yara. Masu son silima kuwa akwai Silverbird a tsakiyar gari. Ranar Salla da kashegari duk waɗannan wurare sukan cika maƙil, sai a riƙe hannun yara da kyau.

In akwai yini guda na hutu, ana iya fita Ushafa ta wajen Bwari a ga yadda mata ke ginin tukwane, ƙauyen da shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a 2000. Yankin nan ƙasar Gwari ce tun kafin a zana birni, kuma har yanzu doyarsu da tukwanensu suna cikin abin da baƙo zai saya da araha. Dutsen Zuma, mai hoto a takardar Naira 100, yana kan hanyar Kaduna, amma a ƙasar Jihar Neja yake.

GIDAN DAMBE

Nishaɗin da ya fi kama da na gida yana wajen gari. A Dei-Dei akwai gidan damben Ali Zuma, wanda sunansa ya kai duk inda ake jin labarin wasanni a rediyon Hausa, kuma ana yin dambe a Mararaba ta Jihar Nasarawa. 'Yan dambe sun kasu runduna uku, Arewa da Kudu da Guramada. Akan naɗe hannu ɗaya da zare, a yi turmi uku. Wanda ya kai ƙasa an kashe shi ke nan, in kuwa babu wanda ya faɗi sai a raba su a ce babu kisa. Makaɗa na zuga, 'yan kallo na liƙi, masu rake da gyaɗa da fura suna zagayawa. Kuɗin shiga bai kai na kwalbar lemo a babban otal ba. Ranar Lahadi ce aka fi cika. A unguwannin nan kuma ba a rasa gidan kallon ƙwallo, inda magoya bayan kulob-kulob na Ingila da Sifen suke raba dare suna musu.

A YI HATTARA DA HANYA

Babbar matsalar daren Abuja ita ce komawa masauki. Gari ne mai faɗi, tsakanin unguwa da unguwa akwai tazara, wasu wuraren daji ne da duhu. Tun 2006, lokacin da Malam Nasiru el-Rufa'i yake minista, aka hana acaɓa a cikin gari, Keke Napep ma an iyakance mata unguwanni. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023 kuma kuɗin mota ya yi sama. Wannan ne ya sa mutum kan tsaya a bakin titi ya shiga duk motar da ta tsaya masa.

Nan ne ɓarayin da ake kira 'yan wan-cans suke samun dama. Sukan zo da mota kamar tasi, da mutum biyu ko uku a ciki kamar fasinjoji, wani lokaci har da mace don a saki jiki. In an yi nisa sai su kulle ƙofa, su karɓe waya da katin banki, su tilasta wa mutum ya faɗi lambar sirri, kana su jefar da shi. An yi asarar rayuka ta wannan hanya. Maganinsa shi ne a shiga mota a tasha inda 'yan kamasho suka san direba, ko a kira ta waya irin su Bolt, a aika wa wani ɗan'uwa lambar motar. Gara a biya ninki biyu a isa lafiya.

Sa'an nan a riƙa yawo da katin shaida. Tun bayan hare-haren 2014 a tashar Nyanya da wani kanti a Wuse 2, bincike ya zama ruwan dare a ƙofar otal da kanti da wurin ibada. Mata kuma su san cewa hukuma takan kai samame gidajen rawa. A watan Afrilu 2019 an kama mata masu yawa a irin wannan samame, abin da ya jawo zanga-zanga da shari'a a kotu. Mace baƙuwa, ko da saye kawai ya fitar da ita, gara ta fita da rakiya.

Daga ƙarshe, Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, kuma matambayi ba ya ɓata. Kafin a bar Ikko ko Badun, a nemi lambar wani ɗan gari mazaunin Abuja. A kama masauki kusa da inda aikin yake, ko kusa da tashar da za a tashi da safe. A ware kuɗin komawa gida a aljihu daban, a bar shi a masauki. Wanda ya yi haka zai ci kifinsa, ya kalli dambensa, ya sayi kilishin tsaraba, ya koma bakin sana'arsa da labari mai daɗi. Allah Ya kai kowa lafiya, Ya dawo da shi lafiya.