Kaboyin Da Ke Bayan Mota

Duk wanda ya san tashar Azare zamanin da motoci masu bodin katako ke cin kasuwarsu a hanyar Kano zuwa Maiduguri, to ya san wannan mutum. Ga shi nan a zane a bayan mota: malafa mai faɗi, ƙyalle a wuya, ƙaramar bindiga a kowane hannu. Kaboyi ke nan. Yau sai an sha wuya ake ganinsa, don tirela ta ture bodin katako.

Silima ce ta kawo mana shi. A can ana nuna shi shi kaɗai a dokar daji, ba sarki ba alƙali, daga shi sai dokinsa. Haka direban da ke ratsa daji da dare yake ganin kansa, motar ce dokin. Bindigar kuwa gargaɗi ce ga ɗan fashi da mahassadi.

To amma wa ake zanawa? Ɗauki Billy the Kid, wanda ya fi yawancinsu suna a Amurka. Ɓarawon shanu ne, mai kisan kai. Pat Garrett ya harbe shi a 1881 yana ɗan shekara 21. Hotonsa guda ɗaya da kowa ya yarda da shi ya nuna bindiga a ƙugunsa na hagu, sai duniya ta ɗauka bahago ne, har aka yi fim a kan haka a 1958. Ashe irin hoton zamanin ne ke juya dama ta koma hagu, kamar madubi! Duk da haka a 2011 an sayar da shi dala miliyan 2.3. A nan, wanda ya kora shanun mutane ba fenti ake saya masa ba.

Abin da ke ba ni mamaki, mu ma muna da namu na bakin iyaka. Malam Zaki, mai tutar Shehu Usmanu, shi ya kafa Katagum a goshin Barno, ya kai yaƙi har Birnin Gazargamu. Ya rasu tun ba a ƙago kyamara ba. Yaron Azare zai iya zana maka kaboyi a bayan littafinsa, amma Malam Zaki sai dai ya ji shi a bakin maroƙa ranar hawan salla.