Yadda Ɗalibin Aji Huɗu Zai Gano Ma'anar Baƙuwar Kalma

Malaman firamare da yawa sun shaida cewa yaron da ke karatu tiryan-tiryan a aji uku yakan fara cijewa da zarar ya shiga aji huɗu. Tun a 1983 wata shehiyar malama a Jami'ar Harvard ta Amurka, Jeanne Chall, ta bayyana dalili. A shekarun farko yaro yana koyon karatu ne, daga nan kuma sai a bukaci ya yi karatu domin ya koyi kimiyya da tarihi da sauran darussa, inda kalmomin da bai taɓa ji a gida ba suke jiransa. A Nijeriya nauyin ya ninku, domin Manufar Ilmi ta Ƙasa, bugun 2004, ta sanya wannan aji a matsayin inda ake fara komawa koyarwa da Turanci.

Maganin da aka saba da shi shi ne malami ya jera kalmomi goma a allo, yara su haddace, ranar Juma'a a yi gwaji, ranar Litinin an manta. Alhali kuwa Bahaushe yana da wata dabara a hannu wadda bai san darajarta ba. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka "gari" na mazauna da "gari" na tuwo kamanninsu ɗaya a takarda, haka nan "fari" na launi da "fari" na rashin ruwan sama. Yaro ɗan shekara tara yana rarrabe su ba tare da shakka ba, don kalmomin da ke kewaye da su ne suke yi masa jagora. Aikin malami shi ne ya fito da wannan dabara fili.

A ɗauki jimlar nan: "Madugu ya cika salkarsa a rijiya, ya rataya ta a jikin raƙumi." Ɗan birni bai taɓa ganin salka ba, amma in aka tambaye shi me ake samu a rijiya, kuma wane irin mazubi ake ratayawa, zai kusanci amsa da kansa. Ya kamata kuma a nuna wa yara ƙananan kalmomi masu tona asiri: "watau" tana kawo bayani, "kamar su" tana kawo misalai, "amma" kuwa kishiya take kawowa. Ƙirar kalma ma tana taimako. Wanda ya san "ƙera" ba zai ɓata a "maƙeri" da "maƙera" ba.

Sai dai fa dabarar tana da iyaka, musamman a Turanci. Binciken da Marcella Hu da Paul Nation suka wallafa a 2000 ya nuna cewa mai karatu yana bukatar sanin kimanin kashi 98 cikin ɗari na kalmomin labari kafin ya fahimce shi sosai shi kaɗai, watau baƙuwa ɗaya cikin kalmomi 50. Idan kowane layi yana da baƙi uku, ba abin da zai haska wani, sai yaro ya koma kame-kame. Lalle ne malami ya zaɓi nassi daidai ƙarfin ajinsa, ya koyar da kalmomin fanni kai tsaye kafin a fara karatu, sa'an nan yara su gwada hasashensu da ƙamus. A darasin Hausa, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006 ya isa wannan aiki, ko da kwafi ɗaya ne a ofishin hedimasta.