Na'urar Da Ke Tatsar Ɗumi Daga Iskar Hunturu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan na'urar sanyaya ɗaki ya san irin hucin da take fesowa waje. To, a juya aikin nata, ta riƙa kwaso ɗumin waje tana zubawa cikin gida. Irin wannan na'ura ce gwamnatin Birtaniya ke lallashin magidanta su girka a maimakon tukunyar gas da ta daɗe tana ɗumama musu gidaje, domin rage hayaƙin da ke gurɓata yanayi.

Ko a tsakiyar hunturu, iska ba ta rasa ɗan ɗumi. Wani sinadari da ke cikin bututun na'urar ne ke zuƙo shi, inji ya matse shi har ya yi zafi, sannan ya ɗumama ruwan da ke zagaya ɗakuna. Da ma'auni ɗaya na lantarki takan samar da kusan ma'auni uku na zafi.

A shekarar 2022 aka fara ba da tallafi a Ingila da Wales, a 2023 aka ƙara shi zuwa fam 7,500. Amma inda gizo ke saƙar shi ne, kuɗin lantarki a can ya ninka na gas kusan sau huɗu, kuma gidaje da yawa tsofaffi ne, ba sa riƙe ɗumi. Magidancin da ya girka na'urar bai toshe kafofin gidansa ba, tamkar mai ɗiban ruwa da kwando ne.

A Norway, inda sanyi ya fi tsanani amma madatsun ruwa ke wadata su da lantarki, yawancin gidaje sun rungume ta. Ashe ba sanyi ne cikas ba, farashin wuta ne.