Tashar talabijin a cikin kwamfuta: abin da katin ɗora sigina yake buƙata

A ɗakin karatu na Hornbake da ke Jami'ar Maryland, a garin College Park, akwai ma'ajiyar tarihin rediyo da talabijin na Amurka. Wurin ya dace da ita, domin a Wheaton, 'yar tafiya kaɗan daga nan, Charles Francis Jenkins ya kafa na'urar watsa shirin tasharsa W3XK, wadda ta fara aiki a 1928 da hoto mai layi 48 kacal, inuwa-inuwa. Birnin Washington da ke maƙwabtaka kuma nan ne mazaunin hukumar FCC, wadda ta amince da tsarin talabijin na dijital mai suna ATSC a Disamban 1996. Tsohon tsarin analog kuwa, manyan tashoshi sun rufe shi ranar 12 ga Yunin 2009.

A da, na'urar da ke ɗora hoto da murya a kan zangon iska akwati ce ta ƙarfe, mai tsada, kuma tsari ɗaya ta iya. Yau wani kati ne ake sokawa a cikin kwamfuta, ko a jona shi ta USB, kamar waɗanda kamfanin DekTec na ƙasar Holan yake ƙerawa. A yawancin irin waɗannan katuna, manhaja ce take yin lissafin, katin kuma ya mayar da lambobin zuwa sigina. Injiniya a College Park zai iya fitar da ATSC da safe, da yamma ya sauya zuwa DVB-T2, tsarin da Najeriya ta yi amfani da shi lokacin da aka ƙaddamar da shirin komawa dijital a Jos a 2016. Ba sai ya sake sayen komai ba illa, wani lokaci, lasisin manhajar.

Sai dai mai saye yakan zuba ido a kan katin, ya manta da kwamfutar, alhali ita ce ke ɗauke da kayan. A duba DVB-T2 a zango mai faɗin megahaz 8. Bayanan da ke shiga sukan kai megabit 40 a daƙiƙa. Masarrafar kwamfutar za ta ƙara musu lambobin gyaran kuskure, a dunƙule-dunƙule masu bit 64,800, ta rarraba su a kan dubban ƙananan zanguna, sannan ta fitar da samfuri sama da miliyan 9 a kowace daƙiƙa. Idan kowane samfuri ya ci bit 32, abin da ke tafiya zuwa katin ya haura megabit 290. Tsohuwar USB 2 megabit 480 ce a takarda, a aikace kuma ba ta kaiwa nan, don haka da ƙyar take sha. Shi ya sa masu aikin suka fi son ramin PCIe ko USB 3.

Ƙarfin masarrafa ma bai wadatar ba in babu natsuwa. Aikin kamar injin markaɗe ne: dole a riƙa zuba masa ba yankewa. Kwamfutar da ta tsaya ɗan ƙiftawar ido don sabunta wata manhaja, ko ta rage gudu don tsimin batir, za ta bar katin ba abin fitarwa. Mai kallo sai ya ga hoto ya farfashe ko ya daskare, ya zargi eriya. A Kano ko Maraɗi sai a ƙara da batun wuta, domin sauyawa daga layin gwamnati zuwa janareta kaɗai ya isa ya katse shiri idan babu batirin riƙo.

To me ake ciyar da katin? Abincinsa na asali shi ne kwararar MPEG-2, wadda aka yanyanka ƙunshi-ƙunshi, kowanne bayit 188, da alama guda a farkonsa don na'ura ta gane inda ya fara. Hanya mafi sauƙi ita ce fayil da aka ajiye a kwamfuta, a riƙa maimaita shi; haka masu gwada akwatunan talabijin da dikoda suke yi. Tashoshi kuwa sun daɗe da wayar ASI, mai gudun megabit 270. Yanzu an fi karkata ga wayar sadarwar kwamfuta, inda ake haɗa ƙunshi 7, wato bayit 1,316, a aika lokaci guda.

A nan ne rigimar take. ATSC na farko yana son megabit 19.39 daidai, ba ƙari ba ragi. Idan shirin bai cika wannan ba, manhaja takan cike gurbin da ƙunshin wofi, kuma dole ta gyara tambarin lokaci da ke cikin kwararar, wanda ke bin agogo mai bugawa sau miliyan 27 a daƙiƙa. In ta yi sakaci, baki ya riga murya. Bayanan da suka biyo ta intanet kuma ba sa zuwa a jere, sai an tara su a ma'aji na ɗan lokaci, abin da ke jawo jinkiri.

Sabon tsarin ATSC 3.0, wanda tashar WHUT ta Jami'ar Howard ta fara ɗaukar wa tashoshin Washington a Disamban 2021, ya yi watsi da ƙunshin 188, ya koma salon intanet ɗungurungum. Wanda yake da katin da ke dogaro da manhaja yana iya bin sauyin, muddin kwamfutarsa za ta jure ƙarin lissafin.

Siginar da katin ke fitarwa ba ta da ƙarfi. An yi ta ne don bin waya zuwa akwatin gwaji ko ɗakunan otal. Wanda ya ƙara mata ƙarfi ya haɗa da eriya ba tare da lasisi ba, FCC ce za ta neme shi a Maryland, a Najeriya kuma hukumar NBC.