Uche Okechukwu: Katangar da Istanbul ta fi gida tunawa da ita

Duk lokacin da aka taso da hirar Super Eagles ta shekarun 1990, sunayen da ke fara zuwa baki sanannu ne: Rashidi Yekini, Jay-Jay Okocha, Daniel Amokachi, Nwankwo Kanu. Sai hira ta yi nisa kafin wani ya tuna da Uche Okechukwu, alhali kuwa yana cikin kalilan da suka halarci dukkan manyan nasarorin wancan zamani.

An haife shi a 1967. Ya yi suna a Iwuanyanwu Nationale ta Owerri, sannan ƙungiyar Brøndby ta Denmark ta ɗauke shi a 1990. A 1993 ya koma Fenerbahçe ta Turkiyya, inda ya shafe shekara tara yana tsaron baya.

Da shi aka ci Kofin Nahiyar Afirka a Tunisiya a 1994, ranar da Najeriya ta doke Zambiya da ci 2-1. Emmanuel Amunike ne ya zura ƙwallayen biyu, kuma sunansa ne ya zauna a zukatan jama'a. A gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, Uche na cikin 'yan wasa uku da aka yarda su haura shekara 23. Shi da Taribo West suka tsaya a tsakiyar baya har aka doke Brazil 4-3, aka kuma casa Ajantina 3-2 aka ɗauko zinare. Ya buga Kofin Duniya na 1994, ya kuma jagoranci tawagar a matsayin kyaftin a Faransa a 1998.

Me ya sa shuhurarsa ba ta kai ta abokansa ba? Dalilin yana cikin yanayin aikin. Ana auna ɗan wasan gaba da abin da ya faru, wato ƙwallon da ta shiga raga, wadda talabijin za ta yi ta maimaitawa shekaru. Nasarar ɗan baya kuwa ita ce abin da bai faru ba: harin da ya kashe tun kafin ya zama barazana. Ga shi Uche ba mai hayaniya ba ne. Bai yi ado da kitso mai launi irin na Taribo ba, kuma natsuwarsa ce ta sa ake masa laƙabi da ƙato mai sanyin hali. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A Istanbul labarin daban ne. Can magoya baya sun gan shi mako bayan mako, sun ɗauki kofin lig tare da shi a 1996 da 2001, kuma har yau suna ambaton haɗinsa da Jes Høgh cikin fitattun masu tsaron bayan ƙungiyar. Turkiyya ma ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa.

A gida, sai a 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a ba tawagar 1994 gidajen da aka yi mata alkawari, bayan shekara 27. Kafin lokacin, Yekini da Stephen Keshi da Uche Okafor, abokin aikinsa a tsaron baya, duk sun riga mu gidan gaskiya.