Namijin Goro: Shukarsa, Renonsa da Makomarsa



Gabatarwa

Da wuya a sami wani a cikin wannan zaure wanda bai taɓa ɗanɗana namijin goro ba. Yana kan faifan mai tallan goro, yana tashar mota, dattawanmu kuma sukan ajiye shi a aljihu saboda tari ko maƙaƙin maƙogwaro. Amma da zan tambaya wane ne ya taɓa tsayawa a gindin itacen da ke haifarsa, na tabbata kaɗan ne za su ɗaga hannu. Abin da nake so in bayyana a wannan lacca shi ne, itacen nan yana ƙaranci a dajinsa na asali, domin ana cinsa, ana sararsa, amma ba a cika shuka shi ba. Zan nuna cewa dalilin rashin shukar yana cikin halittar ƙwayar da ta itacen kansa, sa'an nan in kawo hanyoyin da aka sani na shawo kan al'amarin.

Asalinsa da Mazauninsa

Bahaushe yakan kira tsiro namijin wani idan ya yi kama da shi alhali ba shi ba ne, kamar yadda muke da kaɗe da namijin kaɗe. Haka abin yake a nan. Goron da muka sani, bisa rabon masana na yanzu, dangin koko ne da auduga da kuɓewa da kuka. Namijin goro kuwa gidansu dabam ne. Wani masani Bafaranshe mai suna Édouard Heckel ne ya raɗa masa sunan kimiyya, watau Garcinia kola, a shekarar 1883. Yarbawa suna ce masa orogbo.

Mazauninsa shi ne kurmin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, tun daga Saliyo da Laberiya, a ratso Gana da kudancin Nijeriya da Kamaru, har zuwa Kwango da Angola. Itace ne mai duhuwar kai, ba ya kaɗe ganye rani da damina. A gona yakan tsaya wajen mita 12 zuwa 15, a tsakiyar kurmi kuwa, inda yake tseren neman rana da manyan itatuwa, yana iya kai mita 30. In aka sari jikinsa yakan zubo da ƙaro rawaya mai danƙo. 'Ya'yansa sun kai girman lemon zaƙi, a cikin kowane ɗa kuma akan sami ƙwaya biyu zuwa huɗu kwance cikin tsoka. Waɗannan ƙwayoyi su ne muke saye a kasuwa.

Itacen yana son ruwan sama mai yawa, da iska mai laima, da ƙasa mai zurfi wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta. Saboda haka kada wani ya fita daga nan da niyyar cika gonarsa ta Kano ko Katsina da shi. Ƙasar da ke da rani na wata bakwai da hunturu mai busar da leɓe ba mazauninsa ba ce.

Abin da Ya Sa Yake Ƙaranci

A shekarar 2004 ƙungiyar duniya mai kula da kiyaye halittu, wadda ake kira IUCN, ta lissafa namijin goro cikin tsirran da ke cikin haɗarin ƙarewa a daji. Dalilan suna da yawa, amma zan kawo huɗu.

Na farko, saran kurmi domin noma da katako. Na biyu, ana yin asawaki da iccensa da saiwarsa, musamman a Gana, wanda kuwa ya tone saiwar itace ya gama da shi. Na uku, a Kamaru ana ɓare ɓawonsa domin magani da kuma sanyawa a bammi, idan kuwa aka ɓare ɓawon ya kewaye gindin, sai itacen ya bushe a tsaye. Na huɗu, wanda ya fi shafarmu, shi ne tsintar 'ya'yan. Tun da ƙwayar kuɗi ce, ba a barin ko ɗaya a ƙasa, don haka tsofaffin itatuwa suna mutuwa babu ƙanana a gindinsu da za su gaje su.

Bukatar kuma ƙaruwa take yi. Masu bincike a jami'o'in Nijeriya sun daɗe suna nazarin wani sinadari da ke cikinsa mai suna kolabiron. A shekarar 2014, lokacin da cutar Ebola ta shigo Legas, sai jita-jita ta bazu cewa namijin goro yana maganinta, jama'a suka yi ta rububinsa, har hukumomin lafiya suka fito suka ce babu hujjar haka. Duk sa'ad da kasuwa ta yi irin wannan zafi, itacen da ke daji shi ke biyan kuɗin.

Halin Ƙwayar

Mai tambaya zai ce, tun da yana da kasuwa, me ya hana manoma shuka shi kamar koko? Amsar tana farawa daga ƙwayar, domin tana da halaye guda uku da suka bambanta ta da irin da muka saba.

Hali na farko, ba ta jure bushewa. Mu mun saba da gero da dawa, waɗanda sai sun bushe sarai ake zuba su a rumbu, su shekara, a fitar a shuka. Ƙwayar namijin goro kuwa, sa'ad da aka fitar da ita daga cikin ɗan, kusan rabin nauyinta ruwa ne, idan ruwan nan ya ragu ƙwarai ta mutu ke nan, ko da bakin mai ci bai ji wani bambanci ba. Ashe ke nan wanda ya sayi wadda ta daɗe a kasuwa ya binne, mai yiwuwa gawa ya binne.

Hali na biyu, tana da dogon barci. Ko da tana da rai, idan aka shuka ta haka kawai tana iya yin watanni ba ta motsa ba, wata har ta kai wata 18. Kafin nan gara ko ɓera ko ruɓa sun riga manomi.

Hali na uku abin mamaki ne. Kowa ya san goro yana ɓaruwa gida biyu, namijin goro kuwa ba ya ɓaruwa. Dalili shi ne, ɓari biyun goro ganyen farko ne na jaririn tsiro, waɗanda suka cika da abinci. A namijin goro waɗannan ganye ba su girma ba, ƙwayar ɗungum jikin jaririn ne ya kumbura. Saboda haka saiwa takan fito ta wannan kai, toho ya fito ta wancan. An kuma gwada an gani, idan aka yanka ɗanyar ƙwaya gida biyu, kowane yanki yana iya tsirowa.

Reno da Dashe

Wanda ya fahimci waɗannan halaye ya sami makullin aikin. Da farko sai ya zaɓi uwa tagari, mai yawan haihuwa da manyan ƙwayoyi, ya tsinci 'ya'yan da suka nuna suka faɗo da kansu. A kudancin Nijeriya wannan yakan kama daga Yuli zuwa Oktoba. Akan tara su a inuwa na wajen mako guda har tsokar ta yi laushi, a fitar da ƙwayoyin a wanke. Na ci ana iya shanya su a inuwa, amma na iri kada a bari su sha iska.

Domin karya barcin, sai a feƙe siririn ɓawon nan mai ruwan ƙasa, a jiƙa ƙwayar cikin ruwa kwana uku ana sauya ruwan, sa'an nan a kwantar da ita a cikin yashi ko garin katako mai laima, a ƙarƙashin rumfa. Manoman kurmi suna da tasu dabara tun da daɗewa: sukan tsaga jikin ayaba da aka sare, su cusa ƙwayoyin a ciki su ɗaure, laimar ayabar ta riƙe su har su tsiro. Da irin waɗannan hanyoyi jiran shekara yakan koma na makonni ko 'yan watanni.

Idan toho ya fito sai a mayar da shi cikin leda mai zurfi, cike da baƙar ƙasa da ruɓaɓɓen taki, domin babbar saiwarsa ƙasa take nufa, in ta naɗe a gindin leda itacen ba zai yi ƙarko ba. Tsiron yana da nawar girma, yakan yi kamar shekara guda a wurin reno. A shayar da shi daidai, kada ƙasar ta bushe, kada kuma ta zama taɓo.

Ana dasa shi a farkon damina, a bar tazarar kamar mita 10 tsakanin itace da itace. Tun da ɗan kurmi ne, wanda ya saba tashi a ƙarƙashin manya, rana tsaka tana ƙona shi yana ƙarami. Don haka ya fi kyau a dasa shi a cikin ayaba ko koko. Da fari su yi masa inuwa suna kuma ba manomi abin sayarwa, daga baya shi ya yi wa kokon inuwa. A rufe gindinsa da busasshen ganye, a nome masa ciyawa, a tsare shi daga awaki da gobarar daji.

Mace da Namiji

Sauran matsala guda, ita ce mafi ciwo. Itacen da aka shuka daga ƙwaya yakan ɗauki shekara 7 zuwa 15 kafin ya fara haihuwa. Bugu da ƙari, galibi jinsinsa a rabe yake kamar dabino: wani itacen furen namiji yake yi, wani na mace. Ba a kuwa gane su tun suna ƙanana. Sai mutum ya yi shekara goma yana wahala, ranar da itacen ya yi fure ya tarar namiji ne, ba zai ba shi ko ƙwaya ɗaya ba. Wanda wannan ya taɓa samu, da wuya ya sake shukawa, maƙwabtansa ma sun ga aya.

Maganin wannan shi ne aure, irin wanda masu lambunmu suke yi wa mangwaro. A yanko reshe daga uwar da aka san tana haihuwa, a aura shi a kan ƙaramin tsiro. Itacen da zai tashi mace ce tabbas, halinta na uwarta ne, tana kuma fara haihuwa da wuri ƙwarai fiye da ta ƙwaya. Amma fa kada a sare mazan duka, a bar kaɗan a gona domin garin furensu ne ke sa matan su ɗauka.

A tsakiyar shekarun 1990 cibiyar binciken noma da itatuwa ta duniya, ICRAF, ta bi manoman Nijeriya da Kamaru da Gana tana tambayarsu itatuwan dajin da suka fi so a mayar na gona. Namijin goro ya fito cikin biyar na gaba, tare da agwaluma. Watau manoman ba ƙin itacen suke yi ba, dashe mai tabbas suka rasa.

Kammalawa

Jama'a, ko da yake itacen ba ya tsirowa a ƙasar Hausa, cinikinsa ya daɗe a hannunmu. Zuriyar fataken da suka bi hanyar Gwanja su ne yau suke Sabon Shagamu da zangunan Kumasi da kasuwar goro ta Mariri a Kano, namijin goro kuma tare da goro yake tafiya. Ranar da ya yi wuya a kurmi, su za su fara ji.

Saboda haka ina kira ga ma'aikatan gona da na gandun daji, musamman waɗanda aiki zai kai su jihohin kurmi, su sa namijin goro cikin itatuwan da ake reno a lambunan gwamnati, su koya wa manoma aurensa, su kuma hana tonon saiwa da ɓare ɓawo ya kewaye gindi. Ɗalibai kuma ga fagen bincike a buɗe, tun daga hanyar ajiye iri da ransa har zuwa gane mace da namiji tun suna cikin leda. Yawancin ƙwayoyin da muke ci yau daga itatuwan da kakannin wasu suka bari a tsaye suke fitowa, sa'ad da suke share gona. Wajibi ne a kanmu mu bar wa na baya abin da za su tsinta.