Harshe ɗaya, ƙasa biyu: inda muke daidai da maƙwabtanmu na Najeriya da inda muka bambanta

Duk ranar Alhamis, tun da asuba, mutanen Dungas da Dogo-Dogo da Malawa kan kora dabbobi zuwa kasuwar Maigatari ta jahar Jigawa. Na Magarya da Yekuwa da Kwaya kuwa, Babura da Baure da Zangon Daura kamar unguwa suke a wurinsu. Ba tafinta, ba baƙunta. Wannan ne ya sa da yawa daga cikinmu ke cewa ai duk abu guda ne, turawa ne kawai suka ja layi. Maganar tana da gaskiya, amma ba ta cika ba. Wanda ya ɗauke ta a haka ya tsallaka iyaka, wata rana sai ya yi asarar kuɗi ko ya kwana a hannun hukuma. Shi ya sa yau muka ga ya dace mu zauna mu warware zancen.

Ba mu kaɗai ke cikin irin wannan hali ba. Amurka da Kanada sun haɗa iyaka mai tsawon kilomita wajen 8,900, akasarin mutanensu Ingilishi suke yi, kuma baƙo kan ɗauka ƙasa guda ce. Alhali Kanada firaminista gare ta, Sarkin Ingila ne shugaban ƙasa a takarda, Faransanci harshen hukuma ne a can, kuma gwamnati ce ke biyan kuɗin ganin likita. A Amurka yawancin mutane inshora suke saye. Ɗan Kanada ba ya jin daɗi a ce masa Ba'amurke, kamar yadda ɗan Nijar ba ya so a ɗauki ƙasarsa tamkar wata jaha ta arewacin Najeriya.

Yadda layin ya samo asali

Kafin zuwan turawa, yankinmu yana haɗe da Daura ta wajen jini da sarauta, Dungas da Wacha kuma suna cikin ƙasashen Sosebaki. A ƙarni na 19 ikon Damagaram ya mamaye wuraren. Faransa da Ingila suka fara yanka ƙasa a takarda a 1890, suka sake gyara layin a 1898 da 1904 da 1906. Yau tsawon iyakar ya kai kilomita wajen 1,500.

Abin da ya biyo baya shi ne tushen bambancin. Ingila ta bar sarakuna da alƙalansu da baitulmalinsu da dogaransu, tana mulki ta hannunsu. Faransa kuwa kumandan ta ɗora bisa kowa. A 1906 ta tuɓe Sarkin Damagaram ta kai shi gudun dole, ba a maido da sarautar ba sai 1923. A 1926 kuma aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai. Har gobe tsofaffi kan ce "Faransa" da "Ingilishi" in suna nufin nan da can. Wani malami Ba'amurke, William Miles, ya zauna a Yekuwa ta wajenmu da 'Yardaje ta wajen Daura, ya wallafa littafi a 1994 kan yadda ƙauyuka biyu masu dangantaka suka kama hanya daban saboda layin nan.

"Nijar ƙarama ce, kuma duk hamada"

Wannan shi ne abin da muka fi ji in mun shiga Kano ko Kaduna. Ta wajen faɗin ƙasa Nijar ta fi Najeriya: murabba'in kilomita 1,267,000 ne da 923,768. A yawan jama'a ne suka yi mana nisa, don sun haura miliyan 200, mu kuwa ba mu kai miliyan 30 ba. Hamada kam akwai ta, ita ce ma ta cinye mafi yawan ƙasar. Amma wanda ya ga fadamun Korama da raken Bande da Wacha, ya ga gyaɗa da riɗi da wake da rogo, ya san kudancin Damagaram ƙasar noma ce.

Haka nan ba kowane ɗan Nijar ne Buzu ba. Hausawa sun fi rabin jama'ar ƙasar, sannan ga Zabarmawa da Fulani da Abzinawa da Barebari da Tubawa da Larabawa da Gurmawa. Mu ma muna da namu kuskuren. Yaro ya je Kano ya dawo, sai ya ce ya ga Najeriya. A'a, ya dai ga wani yanki. Ƙasar tana da harsuna ɗaruruwa, kuma a Fatakwal ko Inugu Hausa ba za ta kai ka ko'ina ba in ka bar zango.

"Can kuɗi kamar ƙasa"

Wannan zancen ya kwashe samari da yawa. Gaskiya ne Najeriya ta fi mu masana'antu da manyan kasuwanni irin Dawanau da Kwari, kuma ci-rani ya rufa wa gidaje da dama asiri. Sai dai kuɗin biyu ba halinsu guda ba. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957. Naira, wadda ta maye gurbin fam a 1973, hawa take tana sauka, kuma tun Yunin 2023 da aka sake ta ga kasuwa ta yi faɗuwa mai tsanani. Wanda ya yi wata shida yana tura baro, ya tara naira cike da aljihu, in ya zo wurin 'yan canji sai ya ga abin bai kai yadda ya zata ba. Dillalan dabbobi sun fi kowa sanin wannan: in naira ta faɗi, ragon da ka kai Maigatari ya yi arha ke nan a lissafin sefa.

Lissafin baki ma daban ne. Mu da dala muke ƙirga, dala ɗaya faran 5. In muka ce "ɗari", faran 500 ke nan, jika kuma faran 1,000. A can "ɗari" naira 100 ce, ba ƙari. Saboda haka kafin a ce "na sallama", a tabbatar da wane kuɗi da wane ƙirge ake magana.

Man fetur ma ya canza. Shekara da shekaru mun saba da na kwalba mai arha daga can, saboda tallafin gwamnatinsu. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya cire tallafin, farashi ya ninka fiye da sau biyu. Mu kuma tun 2011 muna da matatar SORAZ a jahar Damagaram, kuma gwamnati ce ke yanke farashin lita.

Hukuma da shari'a

Nan ne aka fi yin tuntuɓe. Najeriya tarayya ce mai jahohi 36 da ƙananan hukumomi 774. Kowace jaha tana zaɓen gwamnanta, tana da majalisar da ke yin dokokinta. Abin da aka bari a Legas ana iya hana shi a Kano. Daga 1999 zuwa gaba jahohi 12 na arewa suka kafa shari'ar Musulunci, Jigawa da Katsina da Kano suna ciki, kuma akwai Hisba mai sa ido kan tarbiyya.

A Nijar doka ɗaya ce daga Diffa har Tilaberi. Gwamna da kantoma naɗa su ake yi daga Yamai, har da kantoman Dungas, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011. Ba mu da Hisba ta gwamnati. Rikicin gona ko aure ko gado yakan fara ne a gaban mai gari da sarki don sulhu, in ya gagara a je jastis. Muna da jandarma da gardi da 'yan sanda, su kuwa ba su da jandarma. Kada wanda ya ji haka ya ce wani ɓangare ya fi wani addini. Almajiranmu suna karatu a Kano da Zariya da Hadeja, nasu ma suna zuwa nan. Ko ranar Salla ta saɓa, dalili shi ne can Sarkin Musulmi ne ke sanar da ganin wata daga Sakkwato, nan kuma majalisar malamai ce daga Yamai.

Makaranta da kalmomi

Yaronmu yana yin shekara shida a firamare, huɗu a kwaleji ya yi BEPC, uku a lise ya yi BAC, ana ba shi maki bisa 20. Nasu shida, uku, uku, sannan WAEC ko NECO da JAMB, maki bisa 100. Iyayen da ke mayar da yaro daga wannan tsari zuwa wancan su sani zai iya rasa shekara. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki.

Hausar ma kowa da aron da ya yi. Mu lakwal, su makarantar boko. Mu kabu-kabu, su acaɓa. Mu isansi da farmasi da duwan, su fetur da kemis da kwastan. Mu "za ni likita" wuri muke nufi, a can likita mutum ne, wurin kuwa asibiti. Ba wanda ya fi wani iya Hausa a nan.

Abin da rufe iyaka ya nuna mana

Daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 Najeriya ta rufe iyakarta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, aka yanke wutar lantarki, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Duka ɓangarorin sun ji jiki: nan kayan masarufi suka yi tsada, can kasuwannin dabbobi da wake suka ragu. Nijar ta fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairun 2025, ko da yake ƙungiyar ta ce a ci gaba da shige da fice ba biza har sai an sanar da wani abu.

To jama'a, in za a tsallaka, a riƙe katin ɗan ƙasa da takardun babur ko mota, a bi ta hanyar hukuma, a tambayi canjin ranar kafin a sayar da kaya, a kuma san dokar jahar da za a shiga. Baƙon da ya zo mana daga can mu yi masa bayani da haƙuri, kamar yadda muke so a yi mana. Wanda ke da labarin da ya faru da shi a kan wannan batu, ƙofarmu a buɗe take, ya leƙo gidan rediyo mu saurare shi. Allah ya zaunar da ƙasashen biyu lafiya.